Oba-Oba Da Ayarin Motoci A Dajin Sakkwato: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun daga watan Agustan 2001 da wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan, muka saki jiki da ita har muka manta cewa tana da iyaka. Iyakarta kuwa ita ce inda turken kamfani na ƙarshe ya tsaya. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a Jihar Sakkwato, ya ratse daga hanyar Gidan Madi zuwa Balle ya shiga ƙauyukan bakin iyaka, ko ya bi burtalin da ke bayan Wurno da Rabah, ya san yadda sabis ke raguwa sannu a hankali har wayar ta koma agogo da tocila kawai. A irin wannan wuri ne taya kan yi faci, a nan ne mota kan kafe a yashi, kuma a nan ne motar gaba kan ci gaba da sharara gudu alhali ta baya ta tsaya tun kilomita goma da suka wuce.

Ko inda akwai turakun ma, tarihi ya nuna mana cewa ana iya kashe su da takarda guda. A farkon watan Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a ɗaukacin Jihar Zamfara domin bai wa sojoji damar fatattakar 'yan bindiga. Kafin watan ya ƙare matakin ya shafi ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 daga cikin 23 na Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah da Tangaza. Abin da aka ce na makonni biyu ne ya zarce watanni a wasu wurare. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa sun riga mu ɗanɗana irin wannan a watan Mayun 2013, lokacin dokar ta-ɓaci. Wanda ya yi tafiya a waɗannan kwanaki ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ga shi kuwa tafiyar ayari ba ta ƙare ba. Ma'aikatan allurar rigakafi suna shiga rugage da tungaye. Jami'an zaɓe suna kai kaya mazaɓun da babu hanyar kirki. Injiniyoyin rijiyar burtsatse da malaman gona suna fita mota uku, mota huɗu. Malaman tarihi kan so su kai ɗalibai kufan Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, ko Degel da Gudu inda Shehu Usmanu ya yi hijira a 1804, a duk lokacin da hali ya ba da dama. Ga 'yan kai amarya, ga 'yan ta'aziyya, ga kuma matasa masu Hilux da Land Cruiser da suka fara sha'awar yawon daji. A majalisarmu ta bayan la'asar a Sama Road an sha jefo mini tambaya ɗaya: wace oba-oba ce ta fi kyau a saya? Amsata kullum ita ce, tambayar ta zo da wuri. Akwai tambayoyi uku da ke gabanta: wace ƙasa za ku ratsa, wace takarda za ku nuna a shingen bincike, kuma wane ne madugunku?

Darasin madugai

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun yi tafiyar watanni ba tare da waya ba, amma ba su yi ta da ka ba. Ayari yana da madugu wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe. Yana da jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya da zango. Yana da uban dawaki da ke daidaitawa da sarakunan ƙasashen da za a ratsa, yana da malami, yana da makaɗi da ke sanar da tashi da sauka. Kowa ya san muryar da zai saurara, kowa ya san ma'anar abin da ya ji. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken bayanin wannan tsari a littafinsa kan fataucin goro da ya fito a 1980.

Oba-oba ba ta zo da wani sabon ilimi ba. Gangar madugu ce aka sa mata batir. Sunanta ma daga tsari ya samo asali, domin kalmar nan ta Turanci "oba" da ake faɗa a ƙarshen zance tana nufin na gama, sai kai. Na'urar ba ta barin mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya. Idan ka danna maɓalli kai kaɗai ake ji, kuma kai ba ka jin kowa. Fa'idarta a kan salula biyu ce: ba ta bi ta turken kowane kamfani, kai-tsaye take zuwa ga 'yar'uwarta, sannan magana ɗaya tana isa ga dukkan motoci a daƙiƙa guda. Idan motar gaba ta ce "akwai rami a hannun dama" ko "babbar mota na tafe cikin ƙura", direbobi shida sun ji tare, ba sai an kira su ɗaya bayan ɗaya ba.

Abin da kwali ke faɗa

A jikin kwalin wasu na'urori za ka ga an rubuta kilomita 30, wasu har 50. Mai karatu, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Irin wannan nisa ana samunsa ne idan mutum ɗaya yana kan ƙololuwar dutse, ɗayan kuma yana kan wani dutsen, babu komai a tsakaninsu. Sautin oba-oba yana tafiya ne kusan a miƙe kamar hasken fitila, ita kuwa ƙasa a lanƙwashe take. Lissafin injiniyoyi ya nuna cewa eriyar da ke tsayin mita ɗaya da rabi, wato a hannun mutum a tsaye, tana hango kimanin kilomita 5 ne kafin doron ƙasa ya tare ta. Mutum biyu a fili fetal ke nan ba za su wuce kilomita 10 ba, a takarda. A aikace, da zarar an sa tudu da kwari da itatuwa a lissafi, kilomita 2 zuwa 5 ne abin dogaro. Idan kuwa a cikin mota ake riƙe da na'urar, ƙarfen motar zai cinye wani babban kaso na sautin.

Daga nan ne gaskiyar farko ke fitowa: tsayin eriya ya fi ƙarfin na'ura tasiri. Eriyar da aka kafa a rufin mota, a tsayin mita biyu da rabi, tana hango fiye da kilomita 6, kuma ta kuɓuta daga kejin ƙarfe. Wanda ya hau tudu mai tsayin mita 25 yana iya kaiwa kilomita 20. Shi ya sa idan magana ta fara yankewa, matakin farko shi ne a hau tudu ko a taka bayan mota, ba a ɗaga murya ba.

Ƙarfin na'ura, wanda ake aunawa da wat, shi ne abin da 'yan kasuwa suka fi tallatawa. Ta hannu takan kai wat 4 ko 5, ta girkawa a mota kuwa wat 25 zuwa 50. Sai dai ninka ƙarfi sau goma ba ya ninka nisa sau goma. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ƙyar yake kai ninki biyu. Idan ka ga ƙaramar na'urar hannu mai araha an rubuta mata wat 15 ko 20, ka yi shakkar rubutun. A ganina, ayarin da ya kai mota biyar ya kamata ya girka manyan na'urori biyu masu eriyar rufi, ɗaya a motar gaba ɗaya a ta ƙarshe, sauran motocin kuma su riƙe na hannu, tare da ƙaramar eriya mai maganaɗisu da ake ɗorawa a rufi. Kuɗin wannan eriya bai taka kara ya karya ba, amma aikinta ya fi na ƙarin wat goma.

Wane zango?

Kamar yadda akwatin rediyo ke da gajeren zango da FM, haka oba-oba ke da nata zanguna, kuma wadda ke kan wani zango ba ta jin wadda ke kan wani. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: kowa ya je kasuwa ya sayo tasa, sai an taru a bakin hanya da asuba a tarar na'urorin ba sa jin juna. Na taɓa rakiyar wata tawaga zuwa wani ƙauye a arewacin Gwadabawa inda mota huɗu suka zo da na'urori iri uku, duka sababbi fil, aka ƙare da ɗaga hannu ta taga da danna ham kamar yadda aka saba.

Zanguna biyu ne suka fi yawa a kasuwanninmu. VHF, tsakanin megahaz 136 zuwa 174, ya fi dacewa da fili da daji, domin yana ɗan bin ƙasa yana ratsa ganye. UHF, tsakanin 400 zuwa 470, ya fi iya kutsawa tsakanin gine-gine da fita ta tagar mota. Eriyar VHF ta rufi takan kai rabin mita, ta UHF kuwa ba ta wuce santimita 17 ba. Ga ƙasa irin tamu mai yashi da geza da fadamun Rima, VHF da eriyar rufi ya fi kwanta mini a rai, ko da yake bambancin bai kai na samun eriya mai kyau da rashinta ba. Akwai kuma tsohon tsarin CB na direbobin manyan motocin Amurka, mai aiki a megahaz 27 da tashoshi 40, wanda cikakkiyar eriyarsa ta kusa mita uku. Ko a can ma masu yawon daji sun fara barinsa suna komawa wani tsari na UHF da suke kira GMRS.

A nan akwai abin lura. Na'urorin da ake sayarwa bibbiyu a kwali, waɗanda aka rubuta wa "babu bukatar lasisi", dokar ƙasar da aka ƙera su dominta suke nufi. Na Turai suna aiki a megahaz 446 da rabin wat kacal, na Amurka kuma a 462 da 467. Rubutun kwalin Ingila ko Amurka ba hujja ba ce a gaban ɗan sandan Nijeriya. Ta fuskar aiki kuma, rabin wat ya isa a daidaita 'yan ɗaurin aure a harabar masallaci, amma bai isa ya haɗa kai da wutsiyar ayarin da ƙura ta tilasta wa barin tazara ba.

Sannan ga wani tarko da ya shigo kasuwa a 'yan shekarun nan: na'ura mai siffar oba-oba sak, har da eriya, wadda ake sa wa layin waya a ciki. Mai kanti zai ce maka tana kai wa daga Sakkwato har Legas, kuma gaskiya ya faɗa, domin ta intanet ɗin kamfanonin waya take bi. Ranar da sabis ya ɗauke ita ma ta mutu. Haka manhajojin da ke mayar da salula oba-oba suke. Tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: idan na cire layin, za ta yi magana da 'yar'uwarta? Idan amsar a'a ce, ba ta daji ba ce.

Ƙura, zafi da jabu

Na'urar da za ta rayu a ƙasar Sakkwato dole ta jure abu biyu, ƙurar hunturu da zafin bazara. Ƙura ba ta tare sautin, amma tana toshe bakin magana da lasifika da maɓallai. A jikin na'ura mai inganci akwai haruffan IP da lambobi biyu: ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 na nufin tana jure ƙura gwargwado da fantsamar ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma tana iya nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Wanda zai ƙetare mashigi da damina, na biyun ya fi masa.

Zafi kuwa batir yake kashewa. A watan Afrilu ma'aunin zafi a nan yakan haura 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Batirin da aka bari a gaban gilashi zai kumbura ya lalace, wani lokaci ma ya kama da wuta. Kowace na'ura ta kasance da batir na biyu, da cajar da ake sawa a mota. Babbar na'urar mota mai wat 50 tana jan wuta sosai lokacin magana, saboda haka ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa ta kai-tsaye da batirin mota, ya sa mata fis.

Game da suna, Motorola da Kenwood da Icom da Hytera sun daɗe a aikin 'yan sanda da kamfanoni, kuma tsadarsu tana da dalili. Baofeng ta ƙasar Sin, musamman samfurin UV-5R, ita ce ta cika kasuwa saboda araha, tana kuma ɗauke da zangunan biyu. Tana aiki, ba na musu. Illarta ita ce a buɗe take: duk wanda ya iya danna lambobi zai iya faɗawa tashar da aka keɓe wa jami'an tsaro ko wata hukuma ba tare da ya sani ba. Sai kuma matsalar jabu. Duniya ta ga misalinta a watan Satumban 2024, lokacin da na'urori masu tambarin Icom suka yi ta fashewa a Labanan, kamfanin ya fito ya ce tun 2014 ya daina ƙera wannan samfuri. Ba ina cewa na kasuwarmu na ɗauke da bam ba ne. Darasin shi ne tambari ba shaida ba ne. A saya daga dilan da ke da adireshi, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowace na'ura. Araha dai ba ta ado.

Takardar da za ka nuna a shinge

Wannan shi ne ɓangaren da masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba su san zafinsa ba. Ba'amurke mai yawon daji yana tsoron kafewa a laka ne kawai. Mu a nan muna da tsoro na biyu. Jami'an tsaro sun sha baje kolin oba-oba a cikin kayan da suka ƙwato daga 'yan bindiga, kusa da bindigogi da harsasai. Tun da Hedikwatar Tsaro ta bayyana sunan Lakurawa a watan Nuwamban 2024, yankin Tangaza da Gudu ya ƙara shiga idon hukuma. A irin wannan yanayi, sojan da ya buɗe motarka ya ga oba-oba huɗu babu takarda yana da dalilin tsare ka, kuma kalmar "infoma" idan ta manne wa mutum, wanke ta sai an sha wuya. Na'urar da ka saya don ta cece ka tana iya zama sanadin kwananka a bayan kanta.

Doka a fili take. Dokar Wayar Iska ta 1961 ta haramta kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ta iska ba tare da lasisi ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da ke raba zanguna a ƙasa, ta kuma ba NCC ikon tantance na'urorin sadarwa. Zangunan kasuwanci na hannun NCC, na gidajen rediyo da talabijin na hannun hukumar NBC, masu amfani na ƙashin kai da ba na kasuwanci ba kuwa Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ce ke ba su lasisi da tashar da za su tsaya a kai. Ƙungiya ko kamfani ko makaranta ta nema da sunanta, a sa ƙwararre ya saita dukkan na'urorin a kan tashoshin da aka bayar, ya kulle sauran. Kwafin lasisin da rasit da katin shaidar kowane direba su kasance a kowace mota. A shinge kuma kada a jira a gano. A ajiye na'urar a fili, a yi bayaninta tun kafin a tambaya.

Masu nufin Ƙonni da Tawa da Agadas su sani cewa lasisin Nijeriya a Illela yake tsayawa. Nijar na da tata hukumar, ARCEP, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bincike a kan iyaka da cikin ƙasar ya ƙara tsanani. Wanda bai nemi izini a can ba, gara ya bar na'urorinsa a gida.

Daji yana da kunne

Duk abin da ka faɗa a oba-oba ta yau da kullum, a kasuwa ka faɗe shi. Kowa da ke kusa mai irin na'urarka zai iya murɗawa har ya faɗo tasharku. Abin da masu sayarwa ke kira lambobin sirri ba sirri ba ne. Aikinsu shi ne su toshe maka kunne daga hirar wasu, amma wasu suna jin taka. Akwai na'urorin dijital masu iya rufe zance, sai dai suna da tsada, kuma batunsu ya kamata a gabatar wa hukuma tun wurin neman lasisi. Saboda haka ƙa'idar ita ce: kada a ambaci sunan mutum ko muƙaminsa, kada a ambaci kuɗi, kada a faɗi garin da aka nufa ko inda za a kwana. Motoci su amsa lamba ɗaya, biyu, uku. Wuraren tsayawa a raɗa musu sunayen da ayari kaɗai ya sani. Hirar siyasa da raha a bari sai an sauka.

Inda oba-oba ta gaza

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Akasarinsu Hausawa ne daga kudancin Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Na kawo wannan abin takaici ne don a fahimci iyakar na'urar da muke magana a kai. Oba-oba tana haɗa ayari da kansa ne. Ba ta haɗa shi da gida. Idan dukkan motocin suka shiga matsala tare, a wurin da babu kowa a tsawon kilomita hamsin, za ku yi ta jin juna raɗau amma babu mai jin ku.

Tafiya mai nisa irin wannan tana bukatar hanya ta biyu. Ƙungiyoyin agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna amfani da manyan na'urorin gajeren zango irin su Codan, waɗanda sautinsu ke dukan sararin samaniya ya dawo ƙasa a ɗaruruwan kilomitoci. Akwai wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya ko Iridium, da ƙananan na'urori irin Garmin inReach da ke aika gajeren saƙo tare da ainihin wurin da mutum yake. Su ma suna da nasu nauyin ta fuskar tsaro, domin a watan Yunin 2013 rundunar soja ta haramta amfani da Thuraya a Borno. A nemi bayanin hukumomin yankin kafin a ɗauka. Mafi arahar hanya ta biyu kuwa ita ce mutum: a bar wa wani amintacce a gida hanyar da za a bi, da lokacin isa, da wanda zai kira idan lokacin ya wuce bai ji komai ba.

Ladabin ayari

Bayan an sayi na'ura an samu takarda, saura tarbiyya. A naɗa madugu a motar gaba, a sa mota mafi ƙarfi tare da makaniki da igiyar ja a ƙarshe. Kafin a tashi kowace mota ta amsa kira, a kuma maimaita hakan duk rabin awa. A tsayar da tashar aiki da ta ko-ta-kwana. Kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa: idan ka isa mararraba, ba ka juyawa sai ka hango ta a madubi. Wannan ƙa'ida ita kaɗai tana hana ɓata ko da batir ya mutu. Wanda ke gefen direba shi ke riƙe na'ura. A danna maɓalli, a dakata daƙiƙa ɗaya, a faɗi wanda ake kira, a faɗi saƙo a taƙaice, a saki. A kula kada wani ya zauna a kan maɓalli, domin na'ura ɗaya da ta maƙale tana rufe bakin ayari gaba ɗaya. A yi shawara tun a gida: idan aka daina jin mota na minti goma, za a tsaya, mota ɗaya ta koma, sauran su jira. Aikin uban dawaki ma bai mutu ba. A sanar da hakimi ko dagaci da ofishin 'yan sandan yankin kafin a shiga. Idan suka ce hanya ba ta biyuwa, a juya. Babu wata na'ura da ke sauya wannan hukunci, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kira ga hukuma

Ƙasar Ostareliya, mai faɗin daji da hamada, ta ware wa jama'arta tashoshi 80 a megahaz 477, da iyakar wat 5, ba tare da kowa ya nemi lasisin kansa ba. Tasha ta 5 da ta 35 na gaggawa ne, ta 40 ta direbobin babbar hanya ce, ta 10 kuma ta ayarin masu shiga daji. Baƙo da ɗan gari duk sun san inda za su yi kira. Yanayin tsaronmu ya sha bamban da nasu, kuma ba na cewa a saki abin sakaka. Amma halin da muke ciki, inda ɓata-gari ke da na'ura ba su damu da doka ba, mai gaskiya kuma ke tsoron riƙe ta, bai amfani kowa ba. Lambar gaggawa ta 112 tana da kyau, sai dai ita ma sai da sabis.

Ina kira ga Ma'aikatar Sadarwa ta sauƙaƙa neman lasisi yadda ƙungiyar manoma a Goronyo ko reshen ƙungiyar direbobi a Illela za su samu ba tare da wahalar Abuja ba, ta kuma fassara ƙa'idojin da Hausa. Gwamnatocin jihohin Arewa maso Yamma su haɗa kai da jami'an tsaro a tsayar da tasha ɗaya ta neman agaji da ofisoshin 'yan sanda na karkara za su riƙa saurara. A kuma sanar da jami'an shinge kamannin takardar halal, don su bambance ma'aikacin rigakafi da ɗan aiken 'yan ta'adda.

Mu kuma matafiya, kafin mu tambayi farashi mu zauna mu amsa tambayoyin nan uku na ƙasa da takarda da madugu, mu sayi iri ɗaya, mu gwada su a bayan gari tun ana saura mako guda. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya kuma dawo wa hanyoyinmu da amincin da muka san su da shi.

Daga Sama Road, Sakkwato.